Jirgin Hajiya Mai Ƙafa Uku

Matso, ƙawata. Ƙara matsowa, kada iska ta kwashi zancen ta kai wa masu shi.

Kin san Hajiyar nan mai shagon kayan yara? Eh, ita fa. Mai gilashi tun daga sama har ƙasa, mai yaro a bakin ƙofa yana buɗe wa masu saye. Wadda kusan duk wata sai ta ɗora hoton fiffiken jirgi a WhatsApp, ta rubuta a ƙasa: "Alhamdulillah, kaya sun sauka."

To, jirgin nata ƙafa uku gare shi. A Daidaita Sahu ne. Filin saukarsa kuwa Ƙofar Wambai.

Kin zaro ido? Ai ba ki ji komai ba tukuna. Gyara zama.

Ranar da za a fasa dila, mai kaya ba ya shela. Waya yake bugawa tun dare, kuma mutanen da yake kira ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. "Hajiya, gobe da farar safiya. Ta jarirai ce, 'yar Landan. Ban bar kowa ya taɓa ba." Kashegari, kafin masu koko su sauke tukunya, ga ta nan. Da niƙabi! Matar da ko gyale da ƙyar yake zama a kanta, ranar sai ta tashi ustaziya. Ido kawai za ki gani. Amma kifi na ganinka, mai jar koma. Zoben hannun nan da ƙamshin turaren nan, duk layin 'yan gwanjo sun san na wace ce. Shiru suke yi, don ba ta neman ragi.

Sai a mirgino dilar. Kilo 45, wata 55, inji ya matse ta ta yi tauri, an ɗaure ta tamau. Yaro ya datse ɗaurin. Fas! Kaya su kumbura su zube a kan shimfiɗa, warin nan na dila ya tashi ya cika rumfa. Daga nan ba gaisuwa, ba "Hajiya bismillah". Hannu ke magana. Ta ɗaga riga ta haska ta a rana, ta juya wuya, ta leƙa hammata, ta ja zif, ta wurga bayanta. Ta cafki ta gaba. Kafin ki ce kwabo ta tsame kan dilar kaf: waɗanda ko sau ɗaya ba a sa ba, masu takardar kanti a maƙale, da 'yan rigunan nan masu haɗe da wando, maɓallansu a cike.

Wannan shi ne zaɓen farko, kuma kuɗinsa daban ne. Tana fita sai masu zaɓe na biyu, matan da ke sayarwa a cikin gida. Sai masu tebur. Abin da ya rage shi kike gani da yamma an baza a bakin titi, yaro na kaɗa ƙararrawa yana "a zo a zaɓa, a zo a zaɓa". Dila ɗaya ce fa! Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ɗan Hajiya da ɗan mai yi wa Hajiya wanki, wuri ɗaya aka tufatar da su.

Kin san abin da ya sa ake kokawa a kan dilar yara fiye da ta manya? Lissafi ne tsagwaronsa. Da nauyi ake sayar da dila, ba a ƙirga abin da ke ciki. Wandon ƙato ɗaya sai ya rinjayi rigunan jariri biyar a ma'auni, don haka dilar jarirai ɗaruruwa take haifarwa. Na biyu kuma, jariri ba ya kashe tufafi. Kafin riga ta gaji, ya fi ƙarfinta. Wadda aka rubuta wa wata 0 zuwa 3, sau nawa za a sa ta? Wata ma kyauta aka kawo wa uwar, ba ta ko warware ta ba yaron ya wuce wurin. Su ne ke iso mana sabbi fil, su ne kuma ake buga wa Hajiya waya a kansu.

Yanzu biyo ni bayan gidanta, inda ake yi wa kaya wankan amarya. A jiƙa da Dettol. A wanke, a sake wankewa. A shanya can lungun da maƙwabta ba sa hange. A yi guga. Sannan babban aikin: a kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, a jibga kayan a kai, su sha hayaƙi har warin dila ya gudu. Sai a ɗauko 'yar bindigar robar nan da ake maƙala takardar farashi da ita. Ƙas! Ƙas! A ninke, a zura a farar leda mai sheƙi. Shi ke nan, riga ta zama 'yar Dubai ba fasfo ba biza. Kuɗi ya ninka uku, ya ninka huɗu.

Wai araha ba ta ado. Ina! Tana yi mana. Sai dai a shagon gilashi ana ɗora mata kuɗin kunya, ke kuma ki biya kina godiya.

Abin dariyar ma, kin san sunayen da ake yi mana burga da su? "Wannan George ce fa, ba irin ta kasuwa ba." George! Tambarin tufafin kantin Asda ne a Ingila, inda ake sayen burodi da madara. F&F na Tesco ne, Tu na Sainsbury's. Primark kuwa, a can ma shagon masu neman sauƙi ne. Ban ce ba su da kyau ba. Auduga mai laushi, ɗinki mai ƙwari, sun fi da yawa daga cikin sabbin da ke zuba a wanki na farko. A dai daina ɗaga mana hanci.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A wani suna da aka yi a unguwar manya, ƙawar mai jego ta shigo da kayan barka niƙi-niƙi, har da rigar sanyi ta yayan jariri. "Daga waje na yi oda," in ji ta, tana satar kallon dangin miji. Aka yi ta guɗa da shewa. Sai wata gwaggo, irin tsofaffin nan da ba sa barin ɗinki ya wuce bai sha bincike ba, ta juya wuyan rigar. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan rubutun fa?" Aka miƙa wa wata 'yar makaranta ta karanta. Sunan wani yaron Bature ne, da tawadar da ba ta fita a wanki, har da ajinsu. Haka iyaye ke yi a can don kada rigar makaranta ta ɓata.

Ɗaki ya yi tsit.

Gwaggo ta ninke rigar a hankali ta ce, "Allah sarki, ashe da mai ita. In kin koma ki gaishe shi."

Tambayar da mata ke yi har yau ita ce: ƙawar ta sani? Wasu sun ce ta sani sarai, ita da kanta ta durƙusa ta zaɓo. Wasu sun ce a'a, kuɗin sabo ta biya lakadan, ita ma rufe ta aka yi. Ni dai ba za a ji mutuwar sarki a bakina ba. Abin da ido ya gani shi ne, tun daga ranar motarta ba ta ƙara tsayawa a ƙofar wani shago ba. Ke ki haɗa lissafin.

Kuma don Allah mu binne zancen nan na "kayan matattu ne". Har shugaban Uganda, Yoweri Museveni, ya faɗe shi a 2023 lokacin da ya ce zai hana shigar da gwanjo ƙasarsa. To a dilar yara dai, masu kayan suna nan da ransu, sun girma ne kawai. Ga yadda abin yake. Baturiya ta share ɗakin yaranta, ta cika leda, ta kai shagon ƙungiyar agaji irin Oxfam ko Salvation Army, ko ta jefa a akwatin tara tufafi na bakin hanya. Zuciyarta fes, ta yi sadaka. Abin da ba kowace ta sani ba, shagunan ba sa iya sayar da duk abin da aka kawo musu. Ragowar sai a auna a sayar wa kamfanonin da ke tantancewa. Can ake warewa: na jarirai gefe, na sanyi gefe, lamba ɗaya, lamba biyu. A matse, a cika kwantena, sai teku.

Ƙirga mini masu ci a kan sadakar nan kafin ta hau jikin ɗanki. Mai tantancewa. Mai jirgi. Mai shigowa da ita. Direba. Mai sayar da dila. Mai fasa ta. Sai Hajiya, da turarenta.

Ga wanda zai sa ki riƙe baki. Kin san a dokar Najeriya haramun ne shigo da gwanjo? Wallahi. Yana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su kwata-kwata a kundin Hukumar Kwastam. Wai don a kare masaƙun gida. Ina masaƙun? Je ki Kakuri a Kaduna ki ba idonki abinci. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Waɗanda ake karewa an yi musu sutura, wanda ake kora kuwa sai ƙiba yake yi: Ƙofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna, Karmo a Abuja, Katangowa a Legas.

To ta ina yake shigowa? Jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome, inda doka ba ta hana ba. Daga nan sai mota. Wani ya biyo ta kudu, wani ya haura Nijar ya gangaro ta hanyoyin da ba su da kwalta. Lokaci-lokaci ki ga an jera dila a gaban 'yan jarida an ce an kama. Madalla. Sauran da suka cika kasuwa fa, fiffike gare su? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban kama sunan kowa ba.

Shi ya sa duk tarin da iyaka ta yi, rigar ɗanki ce ke zazzaɓi. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, dila ta tashi. Sojoji suka karɓi mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake garƙame wannan ɓangaren, sai a Maris 2024 aka buɗe. Ana cikin haka ga Naira da aka saki a Yunin 2023: dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Da kuɗin waje ake sayo dila, 'yar uwa. Gwanjon da aka sani da rufin asirin talaka, yau matan manyan ma'aikata ne ke ture talakan a bakin shimfiɗa. Har da masu cewa a da, "Allah ya kiyaye ɗana ya sa kwancen wani." Na ga wata a cikinsu ta riƙe hannun riga, wata ta riƙe ɗaya hannun, kowace ta rantse ita ta fara gani.

Kada kuma ki ɗauka mai fasa dila a daɗi yake. Caca yake yi da jarinsa. A rufe yake saye, ba leƙe, ba mayarwa. Wata ta fito da albarka. Wata ta fito da tsummokara da rigunan dusar ƙanƙara a tsakiyar zafin Afrilu. Akwai ma gwanayen da suka fi Hajiya iya shege: su kwance dila tun a hanya, su tsame na kirki, su cusa tarkace, su sake matsewa su ɗaure. Tsofaffin hannu ɗaurin suke fara dubawa kafin su taya. Sabbin shiga, musamman matan da suka kwashi adashi suka tura kuɗi ta waya don an nuna musu bidiyo mai kyau, su ne ke kwana da hawaye, kuma ba damar faɗa wa maigida. A Kantamanto ta birnin Accra, kasuwar gwanjon da gobara ta cinye a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 a juji suke ƙarewa. Asarar wa? Mai kwantena ya riga ya karɓi nasa.

Bari mu leƙa cikin gidajenmu, don mu ma ba kanwar lasa ba ce. Mai jego ta tara kayan barkar da suka fi ƙarfin jariri ɗaya. Ana gama arba'in sai a aika a kira dillaliya, da hantsi, lokacin da maigida ya fita.

"Iya, ki kai su nesa fa. Kada ki bi ta layin su surukata."

"Haba 'yar nan, yau na fara?"

Ta ƙulle a zani ta ɗora a ka. La'adarta tana nan, kuma wani lokaci sau biyu take ci: ta ce miki an taya kaza, alhali a kaza ta sallama. Wa za ki tambaya? Ai ke kika ce a ɓoye.

Sai dai gari ba faɗi gare shi ba. Akwai shawul ɗin da ya halarci suna uku a dangi ɗaya, a na ukun ya koma hannun wadda ta fara sayensa. Ta gane shi da wani ɗan ɗinki da ta yi da allurarta a gefe. Ta karɓa ta ce, "Kai, wannan ya yi kyau! A ina kika samo?" Mai kawowa ta ce, "Saudiyya." Suka yi wa juna murmushi. Har yau suna zumunci.

Ni ban ga laifin mai sayarwa ba. Yaro ya girma, kaya na cin wuri a akwati, kuɗin makaranta na jira. Ɓoye-ɓoyen ne ke cinye ribar. Don kada a ji, mai sayarwa ta karɓi rabin kuɗi ta yi shiru. Don kada a gani, mai saye ta biya ninki huɗu ta yi shiru. Na tsakiya ne ke dariya.

Amma ajiye dariyar, ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Duk wankin nan da turaren nan, hanci da idon mutane ake yi wa. Abin da zai iya raba uwa da ɗanta, ba mai dubawa. Kayan wasa nake nufi.

Su ma a buhu suke zuwa, a cakuɗe. 'Yar tsana ba hannu ɗaya, mota ba taya, wayar roba mai kiɗa, tedi mai ido ɗaya. Ba kwali, ba takardar gargaɗi, ba alamar nan da ke cewa kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3. Can inda suka fito, in aka gano abu na da haɗari, kamfani kan yi shela a mayar masa. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa, wasu don fentinsu na da gubar dalma, wasu don ƙananan maganaɗisun cikinsu na ɓallewa yara su haɗiye. Dalma kuwa mun san aikinta, ita ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyukan masu haƙar zinare. A 2019 Fisher-Price ya janye gadon lilon jarirai mai suna Rock 'n Play guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da 30. Daga baya adadin ya kai wajen 100. Kina tsammanin duka aka mayar? Wanda ya maƙale a ɗakin ajiya, wata rana sai a yi shara a ba da shi sadaka. Shelar janyewa kuwa ba ta shiga kwantena.

Keken koyon tafiya fa, wanda ake gasar kai wa ɗan wata shida? Kanada ta haramta shi tun 2004, sabo da tsoho, saboda yara na gangarawa da shi matakala, suna kai hannu ga abin zafi. Mu kuwa sai mu saki yaro a cikinsa a tsakar gidan da murhu ke ci, ga tukunyar ruwan wanka na tafasa.

Mafi sharrinsu shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, na cikin abin wasa mai kiɗa da walƙiya. A sabo, da noti ake ɗaure murfinsa. A gwanjo sau da yawa murfin ya karye an liƙe da salatif, ko ma babu shi. In yaro ya haɗiye ya maƙale masa a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin. Ba a zama a ce bari mu ga ko zai fita a kashi. Goyo, sai asibiti.

Igiyar da ke wuyan rigar sanyin ƙananan yara ma, Turai da Amurka sun hana sa ta, don tana sarƙewa ta shaƙe yaro. Kina kawo riga gida, zare ta ki yar.

To ga 'yar shawarar cikin ɗaki, kyauta, ba la'ada. Nemi mai fasa dila ɗaya ki riƙe shi amana, ki karɓi lambarsa, ki yi sammako. Rigar sanyi a bazara ake sayenta, lokacin da mai ita ke neman kai da ita, kada ki bari sai hunturu ya kama. Kayan Sallah kuwa kafin azumi. Ɗauki wadda ta ɗan fi yaron, gobe zai cika ta. Juya cikinta waje, duba hammata da tsakanin ƙafafu, ja robar ƙugu ki ji ko ta saki. Abin wasa, ja idonsa da maɓallinsa da ƙarfi. In ya motsa a hannunki, zai fita a bakin yaro. Mai fenti na ɓarewa, bar musu abinsu. Kamfai da kan bulumboti, daure ki sayi sabbi. Sauran ki wanke da ruwan zafi, rana ta gasa su, dutsen guga ya bi ta kansu. Ido ba mudu ba, ya san kima. In kuma wata ta tambaye ki a gidan biki, ki ce mata gwanjo ne, ki kalli ƙwayar idonta. Za ki ga ta sunkuyar da kai tana gyara wuyan rigar ɗanta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, takalman makaranta zan taɓo. Akwai wani maigida da aka ba kuɗin adashi ya sayo wa yara sabbi, ya biya ta wajen mai shafa baƙin mai a bakin kasuwa, ya dawo da kwali mai kyau da canjin da bai ambata ba. Uwargida ta juya ƙasan takalmin tun daren. Ta sani. Shi ne bai san ta sani ba, ita kuma tana jiran ranar da zai ce ba shi da kuɗin cefane.